Gawon da Na Kashe a Kan Takarda

Mun tashi daga Kazaure da asuba, ana sallame salla muka faɗa mota, don a watan bazara duk wanda ya bari rana ta riga shi hawa titi, shi ya jiyo. Mu uku ne: ni, da abokiyar aikina mai kula da hira da magidanta, sai direbanmu, wani dattijo ɗan Roni da bai yarda akwai hanyar da bai sani ba a ƙasar nan. Kwana biyu muka tsara. Uku muka yi, kuma na ukun ne ya sa na zauna nake rubuta muku wannan.

Bari in fara da abin da ya fitar da mu, saboda masu yawan tambayata wai ni aikin me nake yi. Shekara biyu ke nan ƙaramin ofishinmu na bincike yana haɗa wani lissafi a kwamfuta a kan ƙasar Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa. Hayaƙin da ke fita daga murhunmu da janaretocinmu da mashinanmu da injinan ban-ruwa yana cikin abin da ke ƙara wa duniya zafi, itatuwa da ƙasar noma kuma suna shanye wani kaso nasa. Abin da muke nema shi ne hanyar da za a bi, nan da shekara talatin, abin da muke fitarwa ya yi daidai da abin da ake shanyewa, ba tare da an hana kowa cin tuwonsa ba. Mahaifiyata ta taƙaita zancen da cewa ni malamin duba ne mai albashi, kuma har yau ban sami amsar da zan ba ta ba.

Ɓangaren itatuwa shi ne nawa. Bara aka samo mana hotunan yankin da aka ɗauka daga sama a watan Agusta, na koya wa kwamfuta ta ƙirga itatuwan da ke ciki: mai ganye ta sa masa ɗigon kore, wanda ya tsaya da rassa tsirara ta sa masa ja, wato ya mutu. Da ta gama sai ga wani yanki a arewacin Gwiwa ya yi jawur. Na ɗauki taswirar na kai gaban kwamitin da ya ba mu aikin, na ba da shawarar a sare matattun a dasa masu saurin girma a gurbinsu, in ba haka ba lissafinmu ba zai taɓa daidaita ba. Har tafi aka yi mini. Na san manoman da ke cikinku sun fara murmushi tun daga kalmar Agusta. Ku yi haƙuri ku bar ni in kai ƙarshe. Wannan tafiyar dai mun fita ne mu ga abubuwa da idonmu, mu ɗauko hotunan da za a ƙawata rahoton ƙarshe da su.

Hanyar Babura ta yi kyau fiye da yadda na bar ta, in ban da wuraren da manyan motoci suka cinye gefen kwalta. A Kanya Babba muka tsaya muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance har direbanmu ya ɗaga ɗaya ya tambayi mai tuyar ko ƙwayar magani ce, a haɗiya da ruwa. Ita ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce ya je ya tambayo kuɗin wake da na man gyaɗa, in ya dawo sai su yi magana. Ni kuma murhunta na tsaya kallo. Na laka ne, rufaffe, mai ƙofa ɗaya, ƙiraruwa biyu kawai a ciki amma kaskon yana tafasa. Ta ce wata maƙwabciyarta mai ginin tukwane ce ke yin su, kuma itacen da a da yake yi mata kwana ɗaya yanzu yana kai ta kusan biyu. A cikin lissafina na rubuta cewa irin wannan murhu sai an zo da wani shiri an raba kafin ya shiga ƙauye. Ashe ya riga mu shiga.

Gaba kaɗan muka ratse wani lambu da muka hango ya yi shar a tsakiyar busasshiyar ƙasa. Mai shi yana ba albasa ruwa da injin sola, faifai huɗu a jingine da wani karagan itace, ruwa yana ta bulbulowa ba ƙara ba hayaƙi. Abokiyar aikina ta tambaye shi ko ya ji labarin ɗumamar yanayi ne ya sa ya bar injin fetur. Ya ce shi dai abin da ya sani, tun da ya sayi wannan, rana ba ta taɓa aiko masa cewa ta ƙara kuɗi ba. Ya ba mu albasa cike da leda, duk yadda muka yi da shi ya karɓi wani abu ya ƙi.

Mun shiga Babura da azahar, rana kamar ta faɗo ƙasa. Gari ne na kan iyaka, kuma za ka gane haka daga kunnenka: ana ciniki ana juya naira zuwa sefa da baki, mutanen Nijar sun shigo da dabbobi suna neman hatsi, namu suna taya raguna suna ƙorafin canji. Mangwaro ya cika gari, shi kaɗai ne na ga araha ta kama. Na daɗe a teburin wani mai shayi da ke da tukunyar gas a gefe ɗaya, murhun itace a ɗaya gefen. Ya ce in gas ya sauko ya kunna gas, in ya hau ya koma wa tsohuwar zuma. A kwamfutata kuwa duk wanda ya koma gas ya koma ke nan har abada. Na rubuta wannan a littafina, na ji daɗi ma, don irin ƙananan gyare-gyaren da na zo nema ke nan. A Babura muka kwana, a wani masauki da fankarsa ke aiki da sola.

Washegari muka dawo ta Kazaure muka nufi Roni. Duk sanda na bi hanyar nan duwatsun suna burge ni kamar yau na fara ganinsu. Gonaki an fara sharar su ana jiran ruwa, an tara karan dawa a kan rassan itatuwa don kada dabbobi su cinye, 'yan acaɓa suna ta wuce mu da buhunan taki. Direbanmu ya ce ba za a ce ya shigo garinsu da baƙi sun fita da yunwa ba, ya kai mu gidan ƙanwarsa aka dama mana fura da nono mai sanyin randa. Na sha har sai da na ji kunya, sannan na ƙara.

Mun iske kasuwar Gwiwa tana ci. Kekuna da mashina sun yi layi a bakin hanya, masu gyaɗa da gero suna gefe guda, karar dabbobi kuma ta cika da awaki da tumaki. A can kusa da masu dabbobi na ga wata dattijuwa zaune a kan tabarma, gabanta buhu uku na 'ya'yan gawo, jajaye masu lanƙwasa, masu kiwo suna ta aunawa da kwano. Ba zan faɗi sunanta ba, zan kira ta Iya kamar yadda na kira ta a ranar. Muka gaisa, na tambaye ta inda take samo su, don abincin dabbobi ma yana cikin lissafinmu. Ta ce daga gonarta, ta faɗi sunan ƙauyensu. Na ciro waya na duba taswirata. Ƙauyen yana tsakiyar inda ya fi ko'ina ja.

Maimakon in yi shiru, sai bakina ya riga hankalina.

“Iya, ai itatuwan wajenku sun mutu.”

Ta dube ni sama da ƙasa. “Kai ma ka ji labarin ke nan, ɗan nan? Haka masu fenti suka ce mana. To ga 'ya'yan matattun nan, kwano nawa za a auna maka?”

Ta ba mu labari tana aunawa mutane. Wata guda da ya wuce wasu mutane sun zo da waya a hannu da gwangwanin jan fenti, suna bin gona gona, inda wayar ta nuna sai su shafa wa itacen alama. Sun ce takarda ce daga sama, an ɗauki hoton itatuwan daga sararin samaniya an ga sun mutu, za a sare a dasa sababbi. Ita gonarta akwai gawo goma sha ɗaya, kuma duk an shafa musu. Da 'ya'yansu take kiwon awakinta da ragon da take turkewa duk shekara, rarar ta kawo kasuwa, geron da ke ƙarƙashinsu kuma shi ne ke riƙe gidan tun rasuwar mijinta. An aiko musu cewa masu injin yanka za su iso gobe da safe.

Direbanmu, wanda duk wannan lokaci yana tsaye yana taunar goro, ya matso ya tambaye ni a wane wata aka ɗauki hoton namu. Na ce Agusta. Ya cire hula ya sosa ƙeya ya mayar.

“Malam, gawo fa aka ce. Yaushe ka taɓa ganin gawo da ganye da damina?”

Ba wai ban sani ba ne. Na sani tun ina yaro a gonar kakana: gawo shi ne itacen da ke saɓa wa 'yan'uwansa, ruwa na sauka ya zubar da ganye ya tsaya kamar busasshe, ruwa na ɗaukewa ya yi sabon ganye ya yi 'ya'ya. Shi ya sa manomi ke son sa, ba ya tare wa gero rana da damina, da rani kuma shanu su kwanta a inuwarsa su bar taki. Duk na san wannan, amma shekara biyu ina zaune gaban kwamfuta ban taɓa haɗa ɗigon da ke kan gilashi da itacen da ke gona ba. Mutumin da zai gaya mini kuwa kullum yana bakin ƙofar ofis yana goge mota, ban taɓa nuna masa taswirar ba. Aka ce matambayi ba ya ɓata, ni kuwa ban tambaya ba.

Muka jira Iya ta sayar da abin da za ta sayar, muka sa ragowar buhunta a bayan mota muka tafi da ita. Hanyar burji ce, daga baya ta koma rairayi, motar tana ta wutsil-wutsil. Tun daga nesa na fara hango su. Ƙasa fes ba ko ciyawa, amma ga itatuwan gawo nan a warwatse har iyakar ganin ido, kowanne ya yi lumshi da ganye, shanun Fulani kwance a ƙarƙashi suna tuƙa. Wuri ne da in ka gan shi ranka zai yi fari. Ni nawa baƙi ya yi, don kowane gindi akwai jan fenti a jikinsa. Abokiyar aikina ta sauka tana ɗaukar hoto.

A gonar Iya, ƙarƙashin babban cikinsu wanda ke bakin hanya, na durƙusa na gaya mata gaskiya. Na ce takardar da ake magana ni na rubuta ta, kuma kuskure na yi. Na shirya wa zagi, har na so a yi mini shi ko na ji sauƙi. Ta gyara ɗaurin kallabinta, sannan ta ce, “To alhamdu lillahi, tunda mai ita ya zo da ƙafarsa. Sai ka je ka warware abinka kafin gobe.”

Muka je wajen dagaci. Na faɗi na yi gaisuwa, na ce ranka ya daɗe, ga abin da ke tafe da ni. Ya saurare ni har ƙarshe. Ya ce shi ma ya gaya wa masu fentin cewa itatuwan nan lafiyarsu ƙalau, ga ganye kowa yana gani, sai suka ce na'urar tana hango ciwon da ke cikin itace tun kafin ido ya gani. Har wasu a garin sun fara yarda, ana cewa ai masu ilimin zamani ba za su yi magana haka kawai ba. Wannan ya fi komai yi mini ciwo, wato an ƙaryata ido saboda ni. Ya ce yana tare da ni, amma takarda mai hatimi aka kawo masa, kuma ba ya iya tsayar da ita da fatar baki. In kawo wata takardar mai hatimi, shi da kansa zai tsaya a gaban injin.

Sai da na hau wani tudu a bayan gari kafin waya ta shiga. Lambar ɗan kwangilar da aka ba aikin saran, wadda dagaci ya ba ni, a kashe take. Na kira shugaban ofishinmu na zayyana masa komai. Ya ja numfashi, ya ce kada a yi gaggawa, a bari mu gyara a rahoton ƙarshe cikin hikima, a kira shi sabunta bayanai, don in kwamiti ya ji an yi irin wannan kwaɓa duk aikin shekara biyun zai iya zubewa. Ba zan ɓoye muku ba, maganar ta shige ni. Ina da iyali, kuma ba kowace rana ake samun aiki irin wannan ba. Na tsaya a kan tudun nan ina kallon itatuwan, na ce masa ranka ya daɗe, rahoton ƙarshe sai mako mai zuwa, injin kuwa gobe ne. Daga baya ya ce in rubuta takardar janyewa, amma in sa sunana ni kaɗai, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Na ce na yarda.

Mun koma Kazaure kafin magariba na rubuta takardar. Sau uku ina sake ta, don duk sanda na karanta sai in ga na lulluɓe laifin da manyan kalmomi. Ta ƙarshen layi biyar ce: itatuwan gawo ne, suna da rai, hoton damina ne ya ruɗe ni, ina roƙon a dakatar da sara.

Da sassafe muna ƙofar gidan shugaban kwamitin. Dattijo ne mai son a bi komai a tsanake. Aka shimfiɗa tabarma, aka gaisa, aka tambayi iyali da gajiya da zafi, aka kawo shayi, ni kuwa ina ta satar kallon agogo. Ya karanta takardar sau biyu, ya sauke tabarau ya tambaye ni ko ni ne yaron da aka yi wa tafi. Na ce ni ne. Ya ce shi ma ya tafa, kuma a gonarsa ta gado akwai gawo, saboda haka kunyar ba tawa ce ni kaɗai ba. Ya sa hannu. Sai aka ce hatimi yana wajen sakatare, sakatare kuma ya tafi suna a wata unguwa. Muka bi shi har can, aka fito da shi da alawa a hannu, ya koma gida ya ɗauko hatimin. Kafin mu bar gari hantsi ya yi.

Ban taɓa ganin direbanmu ya yi gudu irin na ranar ba, shi da kullum yake mana wa'azin sannu ba ta hana zuwa. Muna sauka daga burji muka fara jiyo kukan injin.

Sun riga sun kayar da ɗaya. Babban nan na bakin hanya, wanda na durƙusa a ƙarƙashinsa jiya, shi suka fara da shi don shi ne kusa da inda motarsu ta tsaya. Yana kwance ya rufe kusan kwata na gonar, ganyensa shar, awaki har sun hau kai suna ci. Na biyun kuma ba su samu sun taɓa shi ba, don Iya ta shimfiɗa tabarmarta ta jingina da gindinsa, dagaci yana tsaye kusa da ita, ma'aikatan suna ta ba su haƙuri. Na diro tun motar ba ta gama tsayawa ba, na miƙa wa shugabansu takardar. Ya karanta, ya duba hatimin, ya ɗaga hannu aka kashe injin.

“Ni ma ɗan manomi ne, Malam,” ya ce da ni. “Tun da na sa masa zarto na ji ɗanye ne. Amma takarda ta ce ya mutu, ni wane ne?”

Suka kwashe kayansu, shugaban nasu ya yi alkawarin zai sanar da maigidansa ɗan kwangilar, dagaci kuma ya karɓi takardar ya ninke ta ya sa a aljihun gaba.

Na je wajen Iya na ce zan kawo mata dashe, ko guda ɗari take so. A nan ne ta yi dariya, karon farko tun da muka haɗu. Ta ce su a nan ba a dasa gawo. Akuya ce ke shuka shi, ta ci 'ya'yan ta fitar da ƙwallon a cikin kashinta ya tsira, aikin mutum kawai ya gane shi ya ƙyale shi lokacin sassabe da noma. Ta tashi ta ce in biyo ta. Muka zaga gonar tana nuna mini da sandarta: nan wani ɗan tsiro da bai kai gwiwa ba an kewaye shi da ƙaya, can wani ya kai ƙugu an rage masa rassa an bar guda ɗaya miƙaƙƙe, can kuma wani an kafa masa dutse a gefe don kada garma ta bi ta kansa. Mijinta ne ya koya mata, kuma ta ce yawancin gonakin garin haka ake yi. Na ƙirga har na gaji, ƙananan sun ninka manyan. Babu ko ɗaya daga cikinsu a taswirata, don sun yi ƙanƙanta hoton sama ya gan su.

Da muka dawo wajen wanda aka kayar ta tsaya ta dafa kututturen. Ta ce shekarar da aka kawo ta gidan nan maigida ya bar shi, lokacin bai fi kaurin sandar hannunta ba. Sai ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, kuma ba ta dube ni ba da take faɗa. Duk da haka ba ta bari mun tafi ba sai da ta aika gida aka kawo mana fura. Na sha ne don kada ta ce na raina.

Mun shigo Kazaure da la'asar, mangwaron da muka sayo a Babura ya nuna a bayan mota, albasar lambu ta cika ta da wari. Direbanmu ya sauke ni a ƙofar gida ya ce daga yau duk taswirar da za a fitar a fara kawo masa ya duba. Da wasa ya faɗa, ni kuwa da gaske na amsa.

Abin da tafiyar ta koya mini ba shi da yawa, amma ya ishe ni. Na fita ina ganin mu ne za mu nuna wa mutanen nan hanya, na tarar sun yi nisa a kanta: mai ƙosai da murhunta, mai lambu da solarsa, Iya da ƙayar da take kewaye tsiro da ita. Ba don duniya suke yi ba, don tukunyarsu suke yi, kuma shi ya sa nake ganin abin zai ɗore. Na zauna na sake lissafin daga tushe, na mayar da itatuwan gawo cikin masu rai, na buɗe wa ƙananan gurbinsu. Sakamakon ya ba ni mamaki. Hanyar da a da take nuna sai an yi gagarumin dashe kafin a kai, yanzu ta nuna mafi sauƙi ita ce a taimaki manomi ya ci gaba da ƙyale abin da ya tsira a gonarsa. Kwamiti ya yarda a sake ƙirga itatuwan, wannan karon da rani, a ƙafa, tare da masu gonakin. Aikina yana nan, sai dai a ofis an daina kirana da sunana, kowa Malam Agusta yake cewa, kuma na haƙura.

A rahoton akwai shafin da muke jera abubuwan da ke kashe itatuwa a yankin: fari, gatarin masu itacen girki, masu gawayi, wutar daji. Shugabanmu ya so a bar shi yadda yake. Na roƙe shi ya bari in ƙara layi ɗaya a ƙasa, ya duba, sannan ya sa hannu. Layin yana cewa: gawo ɗaya, mai rai, a gonar wata dattijuwa a arewacin Gwiwa. A gurbin da ake rubuta sanadi, na rubuta sunana.